Katakon Lambun Nellie

Lukachukai, 9 ga Afrilu

Zuwa ga 'Yar'uwa Ernestine Bitsilly,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya. Ni ce Verla Stucki, matar dattijon nan mai jar a-kori-kura. Sau uku muna zuwa ba ki buɗe ƙofa ba, shi ya sa na rubuto. Cocinmu ne ya turo ni da maigidana Eldon, da tsufanmu, mu taya iyalai kafa lambu. Gida goma sha ɗaya muka yi wa zuwa yanzu. Ƙanwarki Nellie tana so ƙwarai, likita ma ya ce ganye zai taimaka wa ciwon sukarinta. Amma ta ce mini, "Filin nan ko tsinke ba a kafawa sai Yaya ta yarda."

Iri da tiyo da wayar shinge duk muna da su. Katako ne ya yanke mana. Eldon ya hango wani tsohon ɗakin laka da ya rushe a bayan tudu, ya ce gumagumansa lafiya lau suke. Ko za ki ba mu, mu yi akwatunan shuka da su? Zai yanka su a gidanmu, ya shafa musu koren fenti, mu yi wa Nellie ba-zata!

Allah ya sa albarka.
Taki, Verla

14 ga Afrilu

Uwargida Stucki,

Bayan gaisuwa gwargwadon yadda ta dace, na karɓi takardarki. Kafin komai, ina roƙon ki daina kira na 'yar'uwa. Ƙanwa ɗaya gare ni, kin kuma san ta.

Shekara talatin da huɗu na koyar da yara harshenku, saboda haka ba sai kin zaɓo mini ƙananan kalmomi ba. Na kuma san masu zuwa da mota da fara'a. Ina da shekara shida irinku suka zo, mahaifiyarmu ta dubi 'ya'yanta biyu, ta ajiye Nellie wajen tumaki, ta miƙa ni makarantar kwana. A can aka sausaye mini gashi, aka wanke mini baki da sabulu don na yi magana da harshenmu. Wannan ba laifinki ba ne. Na faɗa ne domin ki san da wadda kike magana.

Kakanninmu sun noma masara a wannan yashi ba tare da tiyo ba. Duk da haka, tun da Nellie na so, ku kafa lambunku.

Game da katakon: shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa shi, ba kuma wanda zai tambaye ku shi. Ku ɗauka.

Ki huta lafiya.
E. Bitsilly

2 ga Satumba

Malama Ernestine,

Ina gaisuwa. Don Allah ki gaya mini abin da kika faɗa ranar Asabar.

Kin ga yadda bazarar nan ta kasance. Nellie ta riga mu tashi kullum, ta zuba takin tumaki da hannunta, har suna ta raɗa wa kabewa. Takan tsokani Eldon, "Tsoho, kai da zomo ban san wanda ya fi ɓarna a lambun nan ba!" Shi kuma ya ce, "Zomon dai bai kawo miki tiyo ba." Sukarinta ya sauka. Ita ta ce a gayyaci maƙwabta cin amfanin farko, ta dafa romon rago da kabewarta, ta gasa masara. Da kika fito kika zauna tare da mu, sai na raɗa wa Eldon cewa addu'armu ta karɓu.

Bayan kowa ya ƙoshi kika yi magana da harshenku, jimla biyu ko uku. Sai na ga wata tsohuwa ta tofar da abin da ke bakinta. Mutane suka janye yaransu, suka shiga motoci, ko kwanukansu ba su ɗauka ba. Nellie ta dubi akwatunan, ta durƙusa tana amai.

Tun ranar, gida takwas sun tumɓuke shukarsu, sun jibge mana tiyonmu a bakin titi. Ba mai amsa gaisuwarmu. Eldon ba ya cin abinci, yana ta tambaya ko fentin ne. Nellie kuma ɗanta ya zo ya tafi da ita gidansa a birnin Farmington. Me muka yi?

Taki, Verla

6 ga Satumba

Uwargida Stucki,

Bayan gaisuwa, ga amsar tambayarki. Ki shaida wa maigidanki ba fentin ba ne.

Abin da na ce shi ne: "Nellie, abincinki ya yi daɗi. Ki gode wa Inna, domin a cikin bangon ɗakinta ya tsiro."

A ɗakin da kuka kwashe katakonsa mahaifiyarmu ta rasu. Da maigidanki ya zagaya ta arewa, da ya ga ramin da aka fasa a bango aka fitar da gawarta. A wurinmu, ɗakin da mutum ya mutu a ciki ba a sake shigarsa, ba a ƙona itacensa, ba a ko jingina da shi, domin duk muguntar da mamaci ya bari tana manne a nan, tana kuma sa cuta. Yaro ɗan shekara biyar ya san wannan. Ku kun yi wata bakwai kuna koya mana yadda ake rayuwa a ƙasarmu, ba ku sani ba.

Ban yi miki ƙarya ba. Ki sake karanta takardata. Kin tambayi ko za ku iya ɗauka, ba ki tambayi me ya sa aka bar shi ba.

Ni ban yarda da waɗannan abubuwa ba, an kankare mini su tun ina ƙarama. Kin ga ai faranti biyu na ci. Nellie ce ta yarda, ita da aka ajiye a gida. Kafin a ja ta zuwa mota ta ce mini, "Yaya, tun yaushe kika sani?" Na ce tun Afrilu. Ta ce, "Kina kallo ina ba jikokina suna ci?" Na ce ina kallo.

Shekara tara muna zaune ɗaki ɗaya. Ni nake karanta mata takardun asibiti, ni nake ƙirga mata ƙwayoyin magani, ban taɓa jin ta yi dariya yadda take yi da ku ba. Ranar nan na ji tana ce miki 'yar'uwa.

An ce mini ɗanta yana neman mai maganin gargajiya da zai yi mata waƙar warkarwa. Za ta warke, ta dawo, domin ba ta iya zaman birni ba. Na ji za ki je duba ta. Ga 'yar takarda na haɗo, ki karanta mata tun da ba ta karatu. Ba roƙo ba ne. Ranar da zan aika mota ce a ciki.

Ki huta lafiya.
E. Bitsilly

Farmington, 19 ga Satumba

Malama Ernestine,

Ina gaisuwa. Na je. Ta rame, amma ta karɓe ni, ta ce mu baƙi ne, ba mu sani ba.

Da na fito da takardarki na fara ambaton sunanki, sai ta ɗaga hannu. Ta ce wa ɗanta, "Gaya mata ba a kiran sunan waɗanda suka tafi." Ya ce, "Inna, ai tana raye." Ta ce, "Kada kowa a gidan nan ya taɓa takardar."

Ga ta nan na mayar miki, ban buɗe ba. Kada ki aika motar.

Verla Stucki