Babana Yana Shirya Aurena Bai Sani Ba

Zuwa ga Anti Glenys,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Da hannuna na haƙa rami na faɗa, ga shi saura mako uku aurena. Kada ki buga sunana, don rabin mutanen garinmu suna karanta filin nan, sauran kuma ana ba su labari a wurin aski.

Shekarata talatin da takwas, ina aiki a wani kantin magani a Melbourne. Wanda zan aura, bari in kira shi Khoa, gyaran agogo yake yi a Footscray. Mutum ne mai haƙuri, ya iya girki fiye da ni, kuma yana da in'ina. In muna mu biyu sai ya yini yana zuba ba ki ji komai ba, amma da mutane sun wuce huɗu sai harshe ya sarƙe, musamman in an zuba masa ido.

Ni kuwa 'yar kan tudu ce, a tsaunukan Dandenong aka haife ni. Babana ya shekara arba'in a ƙungiyar 'yan sa-kai masu kashe gobara ta garinmu, kuma tun rasuwar Mama ƙungiyar nan ta zama masa uwa da uba. Kin san al'adarsu. Duk 'yar ɗan ƙungiya a motar kashe gobara ake kai ta wurin ɗaurin aure, ana jiniya, maza su jeru sahu biyu da hulunan kwano. In an ci an sha, ango ya hau bayan motar a miƙa masa lasifika ya yi godiya. Haka aka yi wa ƙanwata Merryn shekara biyu da suka wuce, mutum ɗari biyu da 'yan kai. Da angonta ya gama, sai wani ya ce a ba na gaba a layi, aka tura wa Khoa lasifikar. Ya tashi zai faɗi sunana, ya maƙale a harafin farko. Baba ya ƙarasa masa, aka yi dariya aka tafa. Wallahi ba da mugunta suka yi ba, amma abin ya yi wa Khoa ciwo ƙwarai.

Shi ya sa muka yanke mu yi namu a daji, shiru, mu biyar kacal: ni da shi, da Misis Pirotta mai ɗaurin aure, sai mai hoto da matarsa su zama shaidu biyun da doka ta ce. Tunda dole kowa ya furta alkawarinsa da bakinsa a gaban shaidu, ina so Khoa ya furta nasa ba tare da gumi ya jiƙa masa riga ba. Muka ce ba za mu gaya wa kowa ba sai an gama. Baba kuwa shi ne na farkon wanda za a ɓoye wa, don cikinsa ba ya riƙe magana. Ranar da Merryn ta gaya masa tana da ciki, ta ce kada kowa ya ji, kafin ta isa gida matar mai gidan burodi ta fara saƙa hular jariri.

To ga inda na tafka wauta. Na tashi a bakin daji amma ban san hanyoyinsa ba, Baba kuwa babu lungun da bai taka ba. Wata Lahadi muna cin abincin rana na ce masa wata ƙawata a wurin aiki tana son yin aure a daji ba taro, ko ya san wuri mai kyau da ba shi da nisa da birni? Ya ce wace ce? Na ce Noelene. Babu wata Noelene, Anti. Sunan ne kawai ya faɗo min a baki.

Kafin in haɗiye lomar da ke bakina Baba ya ture faranti ya shimfiɗa taswira. Ya tambayi rana, na ce tsakiyar Fabrairu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Fabrairu? Ƙawar nan taki aure take so ko gashi?” Ya ce lokacin nan daji ya bushe ƙayau, ranar da iska ta juyo daga arewa ana iya rufe shi gaba ɗaya, amarya ta tsaya a bakin shinge da furanninta. A mayar Afrilu, in an sami ruwan farko. Na koma na gaya wa Khoa, muka kira Misis Pirotta muka mayar Afrilu. Baba ya kuma ce a gaya wa Noelene kada ta sa buɗaɗɗen takalmi, ta riƙe gishiri a aljihu saboda matsattsaku. Na je na sayi rufaffen takalmi.

Bai tsaya nan ba. Da gwiwarsa mai ciwo ya bi hanyoyi uku yana duba agogo, har ya samo wani ɗan fili a gefen rafi, tafiyar minti goma daga inda ake ajiye mota, wurin da motocin 'yan yawon buɗe ido ba sa zuwa. Ya ce ƙarfe goma na safe rana ke saukowa tsakanin dogayen itatuwan turaren nan, a ɗaura a lokacin. Na kai Khoa ya gani. Ya tsaya a bakin rafin ya karanto min alkawarin tun daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na zauna a kan kututture na sha kukana, shi kuma yana cire min matsattsaku daga ƙafa.

Ita ƙarya ba ta zama ita kaɗai. Baba ya fara tambayar iyayen Noelene. Na ce uwarta ta rasu, ubanta yana Perth, ba ta gaya masa ba. Ya ce me mutumin ya yi mata? Ni da bakina, ban yi tunani ba, na ce surutu ne da shi. Baba ya juya cokali a shayi ya fi sau ashirin, sannan ya ce lallai surutu ba kyau, amma bai taɓa jin an hana uba ganin auren 'yarsa a kansa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lahadin da ta wuce na je na tarar ya goge kwat ɗinsa ya rataye a jikin ƙofa. Ya ce ya kwana biyu abin na damunsa, a ce yarinya za ta yi aure shaidunta mai hoto da matarsa, mutanen da ba su san ta ba. Ya ce, “Ki gaya wa Noelene, in ba ta da kowa ni zan tsaya mata. Ba zan zo da mota ba, ba zan zo da kowa ba. In sa hannu in koma gida.” Na ce zan gaya mata. Na shiga mota na kasa tayarwa.

Khoa ya ce in faɗa masa gaskiya, shi zai jure. Amma ina ganinsa yana maimaita alkawarin a madubin mota duk lokacin da danja ta tsayar da mu. Tsoronsa ɗaya ne, in ya maƙale Baba zai ƙarasa masa, kuma in wani ya ƙarasa masa to shi bai yi min alkawari ba ke nan. Ga kuma mahaifiyarsa a Springvale, kullum cikin aiko mana da miya take tana tambayar sai yaushe, ita ma ba ta sani ba. In Baba ya zo ita ba ta zo ba, na ɓallo wata rigimar.

Ina son Babana, kuma ba na son in ga Khoa a bayan motar nan da lasifika a hannu har abada. Merryn ce kaɗai na so in tuntuɓa, amma a wajen riƙe magana ita ta gaji Baba. Har na yi tunanin in ce Noelene ta fasa auren, mu je mu yi namu, daga baya in san yadda zan yi. To amma a filin da ya samo da gwiwarsa za mu tsaya, kuma zai ga hotunan. Anti, yaya zan yi?

'Yar Mai Kashe Gobara, Melbourne

Amsa

'Yata,

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, daga baya kuma na nemi hankici. Barka da samun mai gyaran agogo, kuma ki kwantar da hankalinki, ramin nan bai kai zurfin da kike zato ba.

Bari in fara da inda kike da gaskiya. Aurenku ne, ba na ƙungiya ba. Mutumin da aka yi wa dariya da lasifika a hannu, ko da dariyar ƙauna ce, yana da haƙƙin ya ce ba zai hau motar nan ba, kuma kin kyauta da kika tsaya masa. Kada ki mayar da shi taro, kada ki sauya wuri, kada ki sauya rana. Ba a kan auren daji kika yi laifi ba. Laifinki Noelene ce, kuma ba na so ki kashe ta da wata ƙaryar. In kika ce ta fasa, mahaifinki zai ga hotonki a bakin rafin da ya samo, ya gane shi ne uban nan na Perth mai surutu, kuma zai gane shi kaɗai a ɗakinsa babu wanda zai ba shi haƙuri. Wannan ciwon zai daɗe bai warke ba.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki. Kin ce cikinsa ba ya riƙe magana. Tun kafin Fabrairu yake ɗauke da sirrin Noelene, ya bi hanyoyi uku a dajin da kowa ya san shi, kuma ba ki ce min matar mai gidan burodi ta ji komai ba. Ko dai ya riƙe sirrin baƙuwar da bai taɓa gani ba, ko kuma ya daɗe da gane wace ce Noelene, yana jira ki faɗa da bakinki. Ni dai na fi karkata ga na biyun. Namiji ba ya goge kwat saura mako uku don abokiyar aikin 'yarsa, kuma sharuɗɗan da ya gindaya wa kansa, ba mota, ba kowa, amsa ce ga tsoron da ba ki taɓa gaya masa ba. Ko wanne ne a ciki, ya ci jarrabawar da ba ki san kin ba shi ba.

Ga abin da za ki yi. Doka ta ba ku shaidu biyu, ku kuma kuna da iyaye biyu. Mai hoto ya yi hotonsa, matarsa ta huta a gida. Ki fara zama da Khoa, kada ki karɓi “zan jure” a matsayin amsa, ki tambaye shi ko a gaban mahaifiyarsa da mahaifinki zai iya. Uwar da ta raine shi ta san jiran maganarsa tun kafin ki san shi. In ya ce a'a, to a'a ce, amma duk da haka ki gaya wa mahaifinki gaskiya kafin ranar, da dalilinta. In ya ce e, shi ya je Springvale, ke ki hau tudu, rana ɗaya, don kada wani ya riga wani ji.

Kada ki jira Lahadi, kuma kada ki yi ta waya. Ki je ki zauna a gabansa ki ce, Baba ni ce Noelene, ka yafe min. Maganar surutun nan ki ba shi haƙuri a kanta daban, don ta shige shi. Su kuma 'yan ƙungiya ba a yar da su. Bayan wata guda a yi gashin nama a harabar ofishinsu, su yi jiniyarsu har su gaji, ke ki hau bayan motar ki yi godiyar da kanki. Ai ke ce 'yar gida.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Na tabbata babu wanda ya taɓa gaya wa mahaifinki cewa ƙarasa wa mai in'ina magana yana yi masa ciwo. Shi a ganinsa ceto ne, mutumin da ya shekara arba'in in ya ga wani a matse sai ya ruga. Ki gaya masa a fili, ba da hannunka mai sanda ba. Ki ce ranar nan aikinsa ɗaya ne kafin ya sa hannu: in Khoa ya maƙale, ya tsaya ya jira, ko da minti goma za a yi. Zai yi masa wuya fiye da duk gobarar da ya taɓa shiga, kuma zai yi, don ke ce kika roƙa.

Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya, ya sa Khoa ya kai ƙarshen alkawarinsa da bakinsa mahaifinki yana tsaye yana saurare.

Taki,
Anti Glenys