Kowa Ya Ce Da Sauƙi

Daren Talata, Bagudo, shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi

Barci ya ƙi zuwa. Yau a Illo na gwada wa mutane tambayoyin ciwon wuyan hannu da na mayar Hausa daga Turanci, gobe kuma likitan da ya ba ni aikin zai zo karɓar amsoshin. Duk waɗanda na tambaya, bakinsu ɗaya. Wata tsohuwa, hannunta a kumbure suntum, na ce, "Inna, yaya zafin?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗana, mun gode Allah." Sai maƙwabciyarta ta raɗa mini tun bazara ba ta ɗaga taɓarya ba. In likita ya karanta haka, zai ce lafiyarsu lau, ya hana magani.

Ɗazu matata ta ga ina murza nawa hannun, ta tambaye ni. Wallahi kafin in ankara na ce mata da sauƙi.