Hannun Mama a Bayanta

Grou, Friesland

Zuwa ga yayana Douwe,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwar da kewa ta dama. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Baukje da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan lafiya lau. Maigidana Tjeerd yana nan da ciwon gwiwarsa da mitarsa, Mama kuwa ta fara cin abinci sosai, abin da ba mu gani ba tun rasuwar Baba.

Maganar jirgin ruwan Baba ce ta zaunar da ni rubutu, don kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka san ni da kai mun yanke a sayar da shi tunda babu matuƙi, har an sami mai so a garin Lemmer. Da na gaya wa Mama, sai ta roƙi a bar ta ta raka shi can. Ranar Talata muka loda burodin sukari da kyafaffen kifi da butar kofi, muka tashi mu biyu. Ni ce a sitiyari, ni da rabona da tuƙi tun ina 'yar makaranta. Ita kuma ta wuce goshin jirgi da igiyarta, inda ta yi shekara arba'in tana tsayuwa Baba yana zabga mata tsawa.

Yaya, wallahi ka manta kyan ƙasar nan. Ruwa ya kwanta lumui, shanu suna kiwo dab da gaɓa, duk jirgin da muka gifta sai a ɗaga mana hannu. A tafkin Sneek ƙyallayen jiragen ruwa masu tafiya da iska sun cika ido fari fat kamar an shanya wanki. Ina cikin wannan kallo muka doshi wata matsattsiyar gada, ga iska tana bugun mu ta gefe. Na ce a raina yau zan fasa jirgin da aka riga aka yi cinikinsa. Sai idona ya kai kan Mama. Tana kallon gaba, amma hannunta na hagu yana bayanta yana motsi: ta shimfiɗa tafi ƙasa, ta nuna dama da babban yatsa, ta dunƙule, ta sake. Ban san lokacin da na fara bin hannun ba. Muka shige sumul, ko bango ba mu goga ba. Mai tsaron gadar ya zuro takalminsa na katako a jikin sandar kamun kifi kamar yadda aka saba, Mama ta jefa kuɗin gada a ciki. Ya yi mata ta'aziyya, ya ce bai taɓa ganin mai shiga gadarsa a miƙe kamar marigayi ba. Mama ta ce ta gode.

Da muka ɗaure jirgi a bakin ciyayi don shan kofi, na tsare ta da tambaya. Ta yi ta juya cokali, can ta ce idon Baba ya daɗe da tafiya, ko jar wutar gada da koriya ba ya rabewa. Tsoronsa kada mu yara mu gane mu raba shi da ruwa, shi ne suka ƙulla wannan dabara, farar rigarta da hannunta kawai yake hange. Na ce to tsawar fa? Ta yi dariya har da share hawaye, ta ce ai tsawa ta 'yan kallo ce, duk sanda ya daka mata yana cewa ita da igiyarta sun cika nawa, nufinsa ta ɗaga hannun bai gani ba. Ni dai kuka na yi. Ban taɓa jin girman mutum ya cika mini ido kamar na tsohuwar nan a ranar ba.

Washegari ta tambaye ni, a kunyace kamar yarinya, ko zan bari ta ɗan riƙe sitiyari, don ba ta taɓa riƙewa ba ko sau ɗaya. Yaya, ita ta ƙetare da mu tafkin Sloten, iska tana kaɗa furfurarta, tana 'yar waƙarta ta coci. A nan na kira mutumin Lemmer na ba shi haƙuri, na ce ya dakata. Amma rabin jirgin naka ne, kuma Mama ta ce ba za ta riƙe shi ba sai ka yarda da bakinka, ta ma hana ni roƙon ka. To ga shi na roƙa. Don Allah kada mu sauke matuƙin da bai mutu ba.

Ka gaida Baukje, ka gaida Jelle da 'yar autarku Marrit, ka ce kakarsu tana jiran su da rani. Tjeerd yana gaishe ka, haka ma Gwaggo Aukje. Ka amsa da wuri, don tun daga Sloten ni ce a goshin jirgi da igiya, kuma Mama ta fara daka mini tsawa. Na kai hannu baya don in taimaka mata, ta ce in sauke abina, ita idonta garau yake.

Taka ƙanwa,
Sytske