Golan Mafaza Ya Ji Hausa

Kawu Isa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi. Yaya jiki, yaya Inna Hauwa da yara? Mu a Gadarif lafiya lau.

Kawu, nadin ƙwallonmu, wato kulob ɗin da kuka kafa da Baba, ya faɗa rukunin ƙasa. Ranar Juma'a a wasanmu da Mafaza ci ɗaya muke nema mu tsira, sai muka sami fanareti. Baba ya ɗaga murya da Hausa don kada baƙi su gane, ya ce wa Yaya Bashir, "Buga hagu!" Golan Mafaza ya faɗa can ya cafke, ya ce, "Na gode, Baba!" Ashe namu ne, Bahaushe.

Kwana biyu Baba ba ya cin abinci sosai. Don Allah ka kira shi, kai kaɗai kake sa shi dariya. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

'Yarka,
Zainab