Firijin Rigakafi Ya Mutu, Saƙonku Na Cewa Lafiya Lau

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya sa mana na'urar lura da sanyin firiji a ƙaramin asibitinmu da ke yankin Getso.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne mai kula da kwamfutar asibitin. Na rubuto a bainar jama'a ne don na gaji da kiran ofishinku ana ce mini oga ya fita.

Na farko, abin da ya faru. A daminar nan tsawa ta ƙona mana sola a ƙarshen mako. Firijin allurar rigakafi ya mutu, na'urarku ma ta mutu. Amma saƙonku bai fasa shigowa wayar mai kula da rigakafi, Sista Rahila, ba, yana cewa komai lafiya. Da aka dawo aiki, allura ta lalace. Iyaye mata daga Kutama da Madadi suka koma da jariransu haka nan.

Na biyu, dalili. Ma'aikacinku ya nuna mini tsarin ranar da ya kafa shi. Manhajar grep ce ke neman kalmar gargaɗi a fayil ɗin da na'urar ke rubuta rahotonta kowace rana. In ta samu, ta ba da lamba 0. In ba ta samu ba, 1. In fayil ɗin ya ɓata, 2. To, da na'urar ta mutu ba ta rubuta komai ba, kuma fayil ɗin da ba komai a cikinsa ma 1 yake bayarwa, ku kuma kuka fassara 1 da lafiya lau. Grep ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta ta amsa. Wanda bai yi magana ba ai bai ce yana lafiya ba.

Na uku, an dakatar da Sista Rahila, wai sakaci ta yi. Ku kuka ce mana a ranakun hutu mu dogara da saƙon. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Roƙona biyu ne. Ku sa tsarin ya fara duba ko akwai rubutu a fayil kafin bincike, in babu ya yi gargaɗi, har a asibitocin Kabo da kuka sa wa irinsa. Sannan ku rubuta wa hukumar lafiya a Gwarzo cewa kuskuren naku ne. Gyaran layi ɗaya ne a wurinku, ita kuwa yau tana gida da 'ya'ya uku, ba aiki.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon faɗin gaskiya.

Wassalam.