Wayar da Ta Ƙi Jin Yatsana

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jego, ya maigidanki da mutanen Parakou? Mu nan Bagudo lafiya lau. Tun da aka ce an yi mini takwara bakina bai rufu ba.

Direban Illo ya kawo tsofaffin wayoyin shafawa biyu da kika aiko. Mai kaurin, mai ɗan tsinken dannawa a gefe, ko farce na sa tana ji, har batirinta na cire na duba. Amma babu hoton yaron a cikinta. Yana cikin siririyar mai gilashi, wadda bayanta ba ya buɗuwa. Ni abin da aka liƙe haka ban yarda da shi ba. Na shafa, na danna, shiru. Mai gyara a Lolo ya ce kantar noma ce a yatsuna. Amma uwarki tana taɓawa sai ga yaro! Wai, "Angona ne, Malam, nemi izinina tukuna."

Rabi, faɗa mini gaskiya, baki kuka haɗa? A wanke mini hoton a takarda, direba ya ba ni hannu da hannu, ba ta hannunta ba.

Ki gaida surukina. Ku sa mu a addu'a.

Mahaifinki,
Malam Garba