Doguwar Kwanar Dama

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Injiniya. Yaya aikin asibiti, yaya fama da marasa lafiya? Allah ya ba da lada. Mu nan ƙalau muke. Ummanki tana gaishe ki, tana can kan keken ɗinkinta tun safe, kin dai san ta.

Kayan da kuka aiko sun iso: akwatin wasan, da sitiyari, da abin takawa mai totur da birki da kuloci. Maƙwabcinmu mai gyaran waya ya zo ya haɗa su da talabijin ɗin falo, ya ɗaure sitiyarin a jikin teburin da Ummanki ke yankan yadi, ita kuwa ta yi ta mita. Na gode, Allah ya yi albarka. Amma kada ki zaci ban gano ki ba, ni na haife ki. So kike in zauna a falo ina tuƙa motar ƙarya har in manta hutuna na wata uku ya kusa ƙarewa, in manta Manaja ya ce tirelata tana jirana duk ranar da na ce na warke. Na faɗa miki a waya, ga shi ina maimaitawa a rubuce: 'yar rawar da hannuna na hagu ke yi gajiya ce kawai. Ba na bukatar likitan jijiya, kuma ƙarshen wata zan koma bakin aiki.

Sai dai wasan nan ya ba ni kunya, don da raini na zauna masa. Na ɗauka irin wanda motoci ke ta zagaya fili ɗaya ne kamar an ɗaure su a turke. Ashe kai kaɗai ake saki a hanyar daji, ba ka da abokin tsere sai agogo. Yau burji, gobe taɓo, jibi kan dutse ga rami a gefe, wata rana ma ƙanƙara fara fat, wadda ban taɓa takawa ba a shekara talatin da huɗu da na yi ina tuƙi. Sitiyarin nan rai gare shi, Auta. In an hau gargada sai ya kama karkarwa, in tayar baya ta zame sai ya yi sako-sako, tafin hannu ya ji kafin ido ya gani. Wanda ya ƙera abin nan ya sha wahalar hanya, ko kuwa ya zauna da waɗanda suka sha.

Akwai kuma wata murya da ke zaune gefen direba tana karanta masa hanya kafin ya iso: hagu lamba uku, dama lamba biyar, ga gada, ga tudu, kada ka yanke. Ƙaramar lamba ita ce kwana mai tsanani. Na yi kwanaki ina musu da mutumin kafin na yarda ya fi ni sanin garinsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɓarna ba ta gogewa. In ka fasa lagireto a zango na farko, da shi za ka shiga na biyu, inji na zafi, hayaƙi na tashi. Sai bayan zango biyu ake kai ka gareji a ba ka minti talatin, ka zaɓi abin da za a gyara, ka haƙura da sauran. A nan ake bambanta direba da mai juya sitiyari.

Jiya na gama zango huɗu, ko madubi ban fasa ba. Ki gaya wa Injiniya, ki kuma tambayi likitocinku ko mai ciwon hannu yana yin haka.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Ki huta lafiya.

Babanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Da fatan Injiniya ya ji sauƙin murar. Wasiƙarki ta same ni, na kuma karanta wa'azin da ke ciki har ƙarshe. Ba ki bar halin Ummanki ba ko kaɗan.

Tun da kin tambaya, zan faɗa. Akwai wani zango a cikin dajin itatuwa dogaye da ya tsaya mini a wuya. Can tsakiyarsa akwai doguwar kwanar dama, wadda dole hannun hagu ya ɗaga sitiyari ya riƙe shi a sama har a fita. Sau bakwai ina shiga, sau biyar ina ƙarewa a gindin itace. Wasan yana ajiye tuƙin mutum ya sake nuna masa daga waje, abin da ba na so ke nan. Sai ka ga mota ta shiga kwana lafiya lau, tana tsakiya ta yi wata 'yar fizga, shi ke nan. Na ce sitiyarin ne ya lalace. Mai gyaran waya ya zo ya gwada, ya wuce kwanar sau uku, ya miƙe yana sosa ƙeya, ya ce wataƙila teburin ne ke motsi. Mutumin kirki ne, bai iya ƙarya ba.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Wata Talata, mako biyu da suka wuce, na dawo daga wurin aski, tun daga ƙofa na ji kukan inji. Na leƙa falo, sai ga Ummanki a kujerata, tef ɗin awo rataye a wuya, ta cire takalmi ta ɗora ƙafa kan totur. Matar da ko keken hawa ba ta taɓa tuƙawa ba. Ta ce wai so take ta ga abin da ya ƙwace mata tebur.

Na tsaya in yi dariya, dariyar ta maƙale. Kin san wasan yana sako inuwar motarka ta tuƙin da ka yi a baya, fara-fara haka, tana gudu tare da kai don ka ga ko ka ƙaru. To a cikin taɓo Ummanki ta wuce inuwata ina tsaye ina kallo. Hannunta bai iya komai ba tukuna, tana karo da shinge hagu da dama, amma ƙafar nan, Auta! Shekara talatin tana taka keke, ta san yadda ake lallaɓa siliki da yadda ake danna kaki. Totur take ba wa motar kaɗan-kaɗan, taya ba ta juyawa a banza ko sau ɗaya. Na san direbobin da suka yi furfura ba su koyi wannan ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, amma kafin yamma na ba mutum huɗu labari.

Ummanki da muryar nan mai karanta hanya kuwa ba sa shiri. Ta ce mutumin yana magana kamar ana korarsa, ta sa aka kashe shi, ta ce ni in faɗa mata. Yanzu na ɗauki tsohon littafin awonta, ina bin kowane zango a hankali ina rubuta kwanoninsa a bayan awon rigunan mutane. Ni kuwa karatuna na mai tirela ne. Mota mai kaya tun daga nesa ake fara mata birki, don haka tun kwana ba ta bayyana ba na sanar. Ta ce hakan ya fi mata, ba ta son a zo mata da abu ba zato.

Mai gyaran waya yana da ɗakin wasa a bayan shagonsa, ya shirya gasa ranar Asabar da rana, zango shida, kowace mota mutum biyu, direba da mai karatu. Na ba da sunanmu, ni a sitiyari. Ga alkawari tsakanina da ke: in na gama shidan nan lafiya, ranar Litinin ina gaban Manaja don karɓar mukulli, ke kuma ki daina yi mini maganar likita. In ban gama ba, sai mu yi magana.

Ummanki ta ce ki aiko mata awon kafaɗarki, ta ga kin rame a hoto.

Naki,
Babanki

*

Zuwa ga 'yata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da maigidanki. Mu ma lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, don wasiƙar yau tana da tsawo, kuma ba na so ki karanta ta a tsaye tsakanin gadajen marasa lafiya.

An yi gasa. Mota goma sha ɗaya, ɗaki cike, ana hawa kujeru biyu bi da bi. Akwai mai aski, akwai masu babur, akwai wani malamin makaranta da ƙaninsa. Da muka shigo ni da Ummanki da littafin awo, aka ba mu wuri da ladabi, amma na ga ana ƙunshe dariya. Muka zauna abinmu.

Zango uku na farko na tuƙa su yadda na tuƙa rayuwata, ba gaggawa, ba ɓarna. Masu dariya kuwa tun a na biyu wasu suka fara zubar da ƙofofi da fitilu a hanya, mai aski ya kifa tasa a rafi. Ummanki tana gefena da littafi tana karanta rubutuna. Muna na shida a jeri, mota ko ƙwarzane babu. Har na fara shirya abin da zan rubuto miki.

Zango na huɗu na kan dutse ne, ana ruwa, waifa na aiki. Kusa da ƙarshensa akwai doguwar kwanar dama, kuma a bakinta masu wasan sun zana 'yan kallo tsaye bayan igiya, wasu da lema, wata da jar riga. Na san kwanar, ni na rubuta ta. Na rage giya a kan lokaci, na shiga daidai. Muna tsakiya hannuna ya fizga. Ba tebur ba ne, Auta, ba sitiyari ba ne. Ina ji ina gani ya yi abin da ban sa shi ba, motar ta miƙe ta nufi mutanen nan.

A wasan ba a taka kowa. Allo ne ke yin duhu, a mayar da kai kan hanya, a ƙara maka daƙiƙu. Aka ce in taka, lokaci na tafiya. Ni kuwa ba allon nake gani ba. Wata mahaɗa nake gani da nake wucewa duk mako da tan talatin a bayana, inda mata ke tsayawa jiran mota da kayansu. Na lallaɓa motar ta ƙarasa zangon, na sauke hannuwana kan cinya, na kasa ɗaga kai. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji a kan kwalta ba.

Ummanki ta rufe littafin ta ɗora mini a cinya. A hankali ta yi maganar, ni kaɗai na ji.

"Tashi ka ba ni kujerar, Baban Auta. Kai ka san hanyar, ni ina da ƙafa."

Mai gyaran waya ya ce doka ba ta hana canji ba. Aka kai mu gareji aka ba mu minti talatin, gaban mota a ragargaje. Ɗaki ya kaure da shawara, wannan ya ce gilashi, wancan ya ce inji. Na ce a gyara lagireto da birki da ƙafar gaba ta hagu, a bar mata muninta.

Ta cire takalmi. Zango na biyar taɓo ne daga farko har ƙarshe, kamar don ita aka yi shi. Ina karantawa tana bi, tun daga nesa nake sanar da ita, ba ta tambaya, ba ta waiwaye. Da muka zo wata gada mai ƙunci na ce ta saki totur ta ƙirga biyu ta danna, ta yi haka ɗin, motar ta wuce kamar zare a kafar allura. A na shida ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai inji da muryata. Shekara talatin da shida da aurenmu, ban taɓa tafiya da ita a gaban mota ba sai ranar nan, ni kuma a kujerar gefe.

Mota biyar ba su kai ƙarshe ba. Ummanki ta zo ta huɗu. Ta huɗu, Auta, da motar da ba ta da fitila ko ɗaya, mako uku da fara riƙe sitiyari. Mai aski ya miƙe ya sara mata. Ita kuwa ta sa takalminta ta ce mu tafi, akwai rigar da za a zo karɓa da la'asar. A hanya na riƙa tafiya a bayanta don mutane su ga tare muke.

Ranar Litinin na je wurin Manaja kamar yadda na ce. Ya yi murna, ya jawo aljihun tebur zai ɗauko mukulli. Na ce ya bar shi.

"Ranka ya daɗe, ka ba wani. Ban taɓa taka ɗan kowa ba, kuma ba zan jira sai na taka ba."

Ya rako ni har bakin ƙofa. Na biya na shafa tirelar, na ce wa wanda zai karɓe ta ya riƙa lura da giya ta uku, tana da gardama da safe. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ce na gaza. Da ƙafata na shiga, da bakina na faɗa, kuma ina alfahari da hakan kusan yadda nake alfahari da Ummanki.

Saura maganarmu. Ki karɓa mini ranar ganin likitan nan naku, za mu zo tare da ita. In ya tambaye ki yaushe abin ya fara, kada ki ce wata uku. Shekara biyu ke nan. A kan doguwar hanya nakan danne hannun a ƙarƙashin cinyata in tuƙa da ɗaya har ya lafa, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Ummanki sai jiya. Ki yafe mini musun da na yi ta yi da ke.

Ki gaishe da Injiniya, ki ce masa surukarsa tana tambaya ko akwai zangon da ya fi waɗannan wuya. Allah ya yi miki albarka, ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Baban Auta